Takarda a Kwanon Inna

Gaya, Jihar Kano
Lahadi, 10 ga Agusta

Zuwa ga ƙanina Abdullateef,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Karimatu da samarinku uku, Hafizu da Muzammil da auta Ashraf. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya sa albarka a neman da kake yi a Yamai, Ya tsare ku daga sharrin da kuka sani da wanda ba ku sani ba. Mu nan lafiya lau muke. Damina ta zauna sosai, geron Yaya Badaru na hanyar Toranke ya fara fid da kai, gyaɗa kuma ta rufe ƙasa. Inna tana nan a Ajingi da ciwon gwiwarta. Maganin asibiti tana sha ranar da ta ga dama, sauran ranakun kuma ta shafa man da Lauratu maƙwabciyarta ke haɗa mata, in ta ji sauƙi a yaba wa Lauratu, in ciwo ya tashi a zagi likita. Hamdiyya ta gama jarrabawa, ta zo ta uku a ajinsu, ta ƙara tsawo har ta kusa kamo kafaɗata.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa a zamanin da kowa ke danna waya ya aika saƙon murya. Na gwada sau biyu, na goge. Murya tana rawa, takarda kuwa ba ta yi. Ban da haka, na lura kwanan nan gidanmu ya koma harka da takardu, sai na ga bai kamata a bar ni a baya ba.

Ka tuna wayar da ka yi mini bayan ƙaramar salla. Ka ce kana so Hamdiyya ta zo muku dogon hutu ta ga ƙannenta, mako huɗu ko biyar, ka ce in taimaka in koya mata ɗan Faransancin gaisuwa don kada ta ji kunya a gaban maƙwabtanku. Ka san inda za ka taɓa ni, kuma ka taɓa daidai. Shekara ashirin ke nan dangi na tambayata abin da zan yi da Faransanci a Gaya. Marigayi Baba ya so in karanta aikin jinya. Yaya Badaru har gobe yana kiran digirina yaren masu sayen atamfa a Kwatano. A makaranta ma, darasina ne ake ɗauke wa lokaci duk ranar da za a yi sharar fili ko taron malamai. Sai ga shi rana ɗaya ɗan gidanmu, uwa ɗaya uba ɗaya, yana neman abin nan da na karanta. Wallahi da na ajiye wayar sai da na yi murmushi ni kaɗai a tsakar gida. Ko kaɗan ban tsaya na tambayi kaina ba me yarinya za ta yi da Faransanci a hutun mako huɗu, a garin da mai sayar da tumatir ma yana jin Hausa. An ce da ɗan gari akan ci gari. Ban taɓa zaton ni ce garin kuma ni ce ɗan garin ba.

Muka fara. Kullum bayan la'asar sai mu shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, in jingina ƙaramin allo a jikin randa. Ranar farko na koya mata bonjour da bonsoir, da comment allez-vous, da amsarsa. Ta jira in ci gaba, na ce ai gaisuwar ke nan. Ta tambaye ni ina tambayar gajiya, ina ta mutanen gida, ina ta ruwa, ina ta jiya da yau. Na ce mata Faransawa ba sa tsayawa wannan. Sai ta yanke hukunci cewa mutanen marowata ne, tunda wanda ya yi rowar gaisuwa ba abin da ba zai yi rowarsa ba. Duk da haka ta kama abin hannu bibbiyu. Awakin gidan nan sun sha bonsoir har sun gaji. Mai adaidaita sahun da ke kai mu makaranta ya sha merci beaucoup har ya fara mayar mata. Zuhra ta gidan kusa da mu ta kawo mini ƙara cewa 'yata ta zage ta ta kan katanga, da na bincika sai na tarar s'il vous plaît ta ce mata, tana roƙon a miƙo mata ƙwallonta. Da muka zo kan le da la ba ta sha wahala ba, tunda mu ma muna da namiji da mace a magana. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne a wurinsu rana namiji ce, wata kuma mace. Ta ce lallai in ta je can sai ta yi hankali, domin garin da aka juya sama ba a san abin da aka yi wa ƙasa ba.

Ban taɓa samun ɗaliba irinta ba, kuma ban ɓoye ba. Na riƙa zuwa ɗakin malamai ina cika baki. Na ce a wata biyu ta wuce 'yan ajin da na shekara uku ina fama da su. Tana wanke-wanke tana rera je suis, tu es, il est. Ta iya faɗin sunanta da shekarunta da garinsu, ta iya neman gafara da neman izini, ta iya ƙirga har sittin da tara, a nan muka tsaya don ta ce ba ta yarda da mutanen da ke kiran saba'in sittin da goma ba. Ni kuwa duk na ɗauka gwanintar koyarwata ce. Ashe yarinyar ta san abin da take haddacewa ba na ado ba ne, guzuri ne.

Yanzu da nake waiwaye, alamun suna nan a jere, makaho ma ya laluba ya ji. Karimatu, wadda shekara goma sha biyu ba ta taɓa kama sunan 'yar farinta ba, sai dai ta ce ina 'yar Gaya, ta fara cewa in ba ta Hamdiyya a waya, da baki cike. Na ji, na ce zamani ne. Yaya Badaru ya zo neman takardar haihuwarta, wai ana wani rajista a sakatariya, na ɗauko na ba shi har da godiya. Inna ta sa aka ɗinka mata kaya kala shida, na ce kaka ce da jikarta. Kuma duk Asabar in mun je Ajingi, Hamdiyya takan durƙusa ta gaishe da Inna da Faransanci, Inna ta yi ta dariya tana cewa Allah Ya shirya, sannan ta juyo ta ce mini in dage, kada in gaji. Sai na ji daɗi na ce yau ga Inna ta san darajar karatuna. Akwai kuma ranar da muka yi darasin dangi. Na rubuta ma mère da ma tante a allo, uwa da gwaggo ke nan, sai ta daɗe tana kallon allon. Daga baya da na bayyana mata cewa tu na wanda aka saba da shi ne, vous kuma na baƙo ko babba, ta tambaye ni da wanne za ta yi wa Anti Karima magana. Na ce da tu mana, ai mahaifiyarta ce. Ta ce to. Na share allo na wuce darasi na gaba. Ni da ake cewa ba abin da ke wuce idona.

Asabar biyu da suka wuce muka je Ajingi kamar kullum. Inna ta aiki Hamdiyya ɗaki ta ɗebo mata daddawa a jeren kwanukanta, ta ɗan jima ba ta fito ba, ba wanda ya kula. Muka dawo Gaya. Bayan la'asar na fito da allo, sai ta zaro takarda daga cikin hijabinta ta ajiye a kan tabarma. Ta ce ta tsinci Faransanci a kwanon Inna, jan nan mai murfi da ke can ƙasa, tana so ta gwada karantawa in ji ko ta iya. Na ce bismilla. Ta miƙe zaune ta fara. Madame, Monsieur, ta san waɗannan. Ta gane plaisir, don na koya mata yadda ake amsa gayyata da farin ciki. Ta karanta sunanta, ta karanta naka, ta karanta ranar fara karatu, ɗaya ga Oktoba. Takarda ce daga wata makarantar kuɗi a Yamai, suna farin cikin sanar da kai cewa sun ba 'yarka gurbi, sai a kawo takardar haihuwa da takardar canjin makaranta daga inda ta fito. Ka san abin da na yi? Sau biyu na gyara mata lafazi. Hali zanen dutse. Sai da ta kai ƙarshe na karɓi takardar, na ga an maƙala wata 'yar ƙarama a bayanta, da rubutunka, wanda ni na koya maka riƙe fensirinsa. Ka rubuta wa Yaya Badaru abin da ake buƙata, a ƙasa kuma ka ce kada Yaya Bara'atu ta sani sai yarinya ta iso. Wannan layin bai buƙaci digiri ba.

Washegari da safe na hau mota na koma Ajingi ni kaɗai. Na tarar da Inna tana tsince wake. Na ajiye takardar a kan faifanta. Ta dube ta, ta dube ni, ta ce dama ta faɗa muku ramin ƙarya ƙurarre ne. Ta ce tausayina aka ji. Wai tun rasuwar maigidana Malam Maiwada ba ni da kowa a gidan sai yarinyar, an ga in aka faɗa mini tun da wuri zan yi wata huɗu ina ƙunci, gara in yi shi a dunƙule. Na ce mata na gode da wannan lissafi, ban san ana tara wa mutum baƙin ciki kamar adashi a ba shi kwasa ɗaya ba. Ta ce in bar baƙar magana, kayan aro ba ya rufe katara, kuma ni ma na sani. Daga nan ta fara share ido da gefen mayafi, ni kuma na koma ba ta haƙuri. Haka muka saba, wanda aka yi wa laifi shi ke lallashi.

Yaya Badaru ya shigo ana cikin haka. Ya zauna ya yi mini bayani da muryar da yake karanta rahoto a sakatariya. An zauna, an duba, an ga ya dace, an yanke shawara. Na ce masa ina so in san wannan An ɗin, ɗan wace unguwa ne, don in je in gaishe shi. Bai yi dariya ba. A bakinsa na ji sauran labarin. Ashe ya riga ya je wurin shugabar makarantarsu Hamdiyya neman takardar canji, ta ce masa ba ta bayarwa sai da sa hannun wanda ya sa yarinyar a makaranta, kuma a littafinta sunana ne a gurbin uwa da na uba duka. Shi ne kuka shirya a bari sai ta tafi hutu, in ta kai Yamai a kira ni a ce an canza shawara, a kawo mini takarda in sa hannu, tunda a lokacin ba sauran abin da zan iya. Na yaba tsarin. Da haka ake tsara aikin hanyar Toranke da tuni an gama ta. Na tambaye shi me ya sa aka ɓoye takardar a kwanon Inna. Ya ce don a gidansa ba ta tsira ba, ni ko takardar ƙunshin ƙosai na gani sai na karanta. Ba wanda ya tuna cewa akwai mutum na biyu a zuri'ar nan da ke karanta Faransanci, kuma ku kuka sa aka koya mata.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda na ji da na dawo gida. Na zaunar da Hamdiyya na tambaye ta ko ta fahimci abin da ta karanta. Ta sunkuyar da kai ta ce ta sani tun kafin babbar salla. Karimatu ce ta faɗa mata a waya, ta kuma sa ta rantse ba za ta gaya mini ba. Wata biyu ke nan yarinya 'yar shekara goma sha biyu tana cin tuwo kwano ɗaya da ni da wannan abu a cikinta. Yanzu na gane dalilin da ya sa ta rage ci, da dalilin da ya sa take bin bayana har madafa tana neman aikin da ban sa ta ba. Ta ce ta rasa yadda za ta yi, in ta faɗa ta karya rantsuwa, in ta yi shiru ta ci amanata. Ta ji Inna da Yaya Badaru suna maganar jan kwano, shi ne da aka aike ta ɗebo daddawa ta ɗauko. Ta tambaye ni ko wanda ya karanta abin da wani ya rubuta ya faɗa ke nan, ko sai ta yi kaffara. Na ce mata ba kaffara a kanta. Abdullateef, manya huɗu kuka haɗu kuka ɗora wa yarinya kayan da ku kuka kasa ɗauka, ita kaɗai ta nemo hanyar da za ta sauke ba tare da ta yi ƙarya ba. In kana neman shaidar tarbiyyar da ta samu a Gaya, ga ta nan.

Na tambaye ta ko tana son tafiya. Na so ta ce a'a, ba zan ɓoye maka ba. Ta daɗe tana jan zaren tabarma, sannan ta ce tana so ta ga ko da gaske Ashraf yana kama da ita kamar yadda ake faɗa. Ta ce tana son zuwa, barina ne ba ta so. Ban ƙara tambayarta ba. Ba na cikin masu sa yaro ya zaɓa.

Kada ka ɗauka ban san hakkinku ba. Ina tuna ranar da aka ba ni Hamdiyya kamar jiya. Inna ta ɗauke ta yaye tana da wata ashirin da biyu, kai kuma kana shirin tafiya Yamai. Ka zo da goro da rana tsaka, ka zauna a tabarma a gaban Baba da Malam Maiwada, Allah Ya jiƙansu, ka ce ka ba ni ita duniya da lahira, tunda Allah bai ba ni nawa ba. Aka yi fatiha. Karimatu tana da shekara goma sha tara a lokacin, tana bayan ƙofa, kunyar 'yar fari ta hana ta fitowa. Da na shiga ɗaukar kayan yarinyar na ga gaban rigar Karimatu ya jiƙe da nono, ta juya mini baya tana ninke zanen goyo. Ba wanda ya tambaye ta ko ta yarda. Ni ma ban tambaya ba, don ina tsoron amsar. Na ɗauki 'yar na fita da sauri. Saboda haka in yau Karimatu ta ce tana son 'yarta ta girma a gabanta kafin wani ya zo ya ɗauke ta gaba ɗaya, ba ni da bakin cewa ta yi laifi. Shekara goma na ci, ita ta yi azumi. Da ka kira ni ka faɗi haka, da na yi fushi, da na kashe waya, da na yi mako ban ɗauki kiranka ba. Bayan nan da na kira ka da kaina. Ka san halina. Abin da kuka hana ni shi ne in ba da ita. Kun so ku mayar da kyauta ta zama ƙwace, ku kuma sa ni in wasa wuƙar da hannuna kullum bayan la'asar, ina murna.

Tunda dai malama ce ni, bari in faɗi abin da takardar ba ta faɗa maka ba, ko ta faɗa ba ka kula ba. Ajin da suka ba ta na 'yan shekara tara ne. Yarinyar da ta gama shekarar farko ta sakandare a nan za ta koma zama da ƙanana, saboda Faransancinta na gaisuwa ne, shi ka ce in koya mata. Da na san gaskiya tun watan huɗu, da ba bonjour muka tsaya yi wa awaki ba. Da na sa ta rubutun shifta da lissafi da Faransanci, da karatun littafi, da ta shiga aƙalla aji ɗaya sama da wannan. Ɓoyon da kuka yi don ku huta da fushina, ita ce za ta biya shi da shekara guda ta rayuwarta. Tun ranar da na gani na canza darasin. Yanzu safe da yamma muke yi, kuma na rubuta wa shugaban makarantar ta Yamai wasiƙa da Faransanci ina roƙon a sake gwada ta idan ta iso. Tana cikin wannan ambulan, ka kai masa. Ba sai ka nemi mai fassara ba, babu sunanka a ciki sai a wurin da ya dace.

Sauran abubuwan ka faɗa wa Karimatu, ko ka ba ta ta karanta. Hamdiyya bahaguwa ce a rubutu, da dama take cin abinci, kada wani malami ya ce zai gyara ta. Ba ta shan miyar kuɓewa ɗanya, busasshiya kuwa har ƙari take yi. In an yi tsawa ba ta kuka, sai dai ta zo ta zauna kusa da mutum ta ce wai zafi take ji a can, a bar ta ta zauna, kada a tambaye ta. In ta yi shiru ta fara share wurin da aka riga aka share, akwai abin da ke damunta. Ta kai izu goma sha takwas, a nema mata islamiyya tun makon farko. Kuma kada a matsa mata a kan abin da za ta kira mahaifiyarta. Umma ta saba kirana, Anti ta saba kiranta. Baki zai juya da kansa in zuciya ta juya.

Saura maganar sa hannu, wadda na san ita kake jira tun farkon wasiƙar nan. Ranar Alhamis na je wurin shugabar makaranta. Ta ce in ina so ta riƙe takardar, za ta riƙe har illa masha Allahu, ba mai tilasta ta. Na zauna a ofishinta da biro a hannu fiye da yadda nake so in faɗa. Na sa hannu. Amma ba ta cikin ambulan nan, kada ka wahalar da kanka da zazzagewa. Kuma ba zan kai yarinya tasha in damƙa wa direba kamar buhun gyaɗa ba, wannan shiri na hutu ya mutu. Yadda ka ba ni ita haka za ka ɗauke ta. Ka zo da ƙafarka, da rana tsaka, da goronka, ka zauna a tabarma a gaban Inna da Yaya Badaru, ka dube ni ka roƙe ni ita da Hausa. Ka zo da Karimatu, wannan karon ta fito daga bayan ƙofa, in ɗora hannun 'yarta a nata, in kuma nemi gafararta a kan tambayar da ban yi mata ba shekara goma da suka wuce. Kana da daga yau zuwa ƙarshen Satumba. Takardar kuwa jiya na kai ta Ajingi da kaina. Tana cikin jan kwanon Inna mai murfi, can ƙasa, inda kuka saba ajiye abin da ya shafe ni. Inna ta rantse mini ba za ta ba kowa ba sai kai, kuma ka ga yanzu na san ta iya riƙe sirri.

Ka gaishe mini da Karimatu da kyau, ka ce mata ba na riƙe da ita. Ka shafa mini kan Hafizu da Muzammil, ka ɗaga mini Ashraf, ka ce yayarsu ta tanadar musu gaisuwa iri biyu, gajera da doguwa. Inna tana gaishe ku, ta ce in kun tashi zuwa ku taho mata da man zafi na can. Yaya Badaru da iyalinsa suna gaisuwa, haka ma Lauratu da Zuhra. Hamdiyya tana gaishe da babanta. Allah Ya kawo ku lafiya, Ya bar zumunci, Ya sa mu gama da duniya muna masu iya kallon idon juna.

Wassalam.

Yayarka,
Bara'atu,
wadda ake kira Umma a gidan nan har ranar da za ka zo.